Hannun da Aka Kankare a Bangon Koki

Ranar Juma'ar da ta rage kwana uku soja su miƙa mulki ga farar hula, mutanen Koki suka dawo daga masallaci suka tarar an yi wa zanen sojojin Bama ɓarna.

Zanen yana jikin bangon zauren tsofaffin soja, ƙarƙashin wata rumfar kwano, shekara talatin da uku ke nan. Marigayi Umar Mai-zane ne ya yi shi da jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi da baban rini, bayan sun dawo daga yaƙin duniya na biyu, don shi ma da shi aka je. Mutum goma sha biyu ne 'yan unguwa, suna ƙetare wani kogi a ƙasar Bama. Bakwai sun fuskanto mai kallo, su ne suka dawo gida. Huɗu sun ba da baya, su ne aka binne a can. Na sha biyun, Mikail, hannunsa kaɗai ake gani ya ɗago daga cikin ruwa. A gaɓa kuma ga Sajan Audu, ɗaya daga cikin bakwai ɗin, a tsaye, ya miƙa hannu wajen ruwan. Duk ɗan da aka haifa a Koki ya tashi da labarin cewa wannan hannun ceto ne, Sajan ya yi iyakar ƙoƙarinsa ruwa ya fi ƙarfinsa.

Wannan hannun na Sajan aka kankare. An yi rami a bango kamar faɗin faifai, aka watsa shuɗi a kai ya gangaro ta kan hannun Mikail har ƙasa.

Da aka aika aka kira Isyaku Mai-sawu daga Dukawuya, la'asar ta wuce. Isyaku ɗan maharba ne, ya yi shekara ashirin yana ɗan doka kafin a rushe su, kuma har yanzu in an saci akuya ko keke a cikin birni shi ake nema. Yana isowa ya ga mutane sun fi ɗari a gindin bangon, wasu suna nuni, wasu har suna shafa ramin da sanda. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, irin ƙasar da mai bin sawu yake roƙon Allah ya ba shi, ga shi an tattake ta kamar masussuka. Ransa ya ɓaci. Ya ce su ja baya, ba su ja ba, sai da ya ɗaga sandarsa ya yi musu tsawa.

Mai unguwa, Malam Salihu, ya jawo shi gefe ya ce ai ma an kama mai laifin, kiran nasa don cika ƙa'ida ne kawai. Sabo ne, marinin Ƙofar Mata, ɗan Mikail ɗin da ya nutse. Shuɗi a bango, shuɗi a hannunsa, kuma makon jiya kowa ya ji shi a bakin rijiya yana cewa ranar da soja suka sauka zai faɗi abin da ke cikinsa game da wannan zane. Samari sun tare shi a hanya sun yi masa duka, da ƙyar mai unguwa ya ƙwace shi ya kulle a ɗakin soronsa. Sajan Audu, wanda aka zaɓa ya jagoranci bikin unguwa ranar Litinin a gaban wannan bango, ya rantse sai an miƙa Sabo ga hukuma tun dokar soja tana aiki, a kama shi da laifin neman ta da fitina a bikin ƙasa.

Isyaku ya dubi mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, in don cika ƙa'ida ne ka nemi wani. In bin sawu ne, ka ba ni zuwa la'asar ɗin gobe, kuma kada wanda ya taɓa mutumin nan."

Mai unguwa ya dubi taron, sa'annan ya ce ya ba shi.

* * *

Abu na farko da Isyaku ya yi shi ne ya dangwali shuɗin da yatsa ya kai hanci. Babu wari. Duk wanda ya taɓa wucewa ta karofi ya san warin ruwan baba, ya san yadda yake kama fata ya kwana bakwai. Wannan kuwa da ya tofa yawu ya murza sai ya fita. Bula ce, wadda mata suke sa wa farin kaya in sun yi wanki, kowane mai tebur yana sayar da ita.

Ya tsuguna ya bi gindin bangon da ido. Inda ƙafafun mutane ba su kai ba, dab da bango, ya ga wani rabin da'ira ya nutse a ƙasa, mai faɗi, a jikinsa akwai wani ɗan wuri da ya fi zurfi da alamar kan ƙusa biyu. Ya auna da kara ya karya ya sa a aljihu. Sai ya lura da abin da ya fi damunsa: babu ɓaraguzai. Ramin ya kai faɗin faifai, zurfinsa ya kai gaɓar yatsa, amma ko gutsuren yaɓe ɗaya babu a ƙasa. Mai fushi in ya fasa abu yakan bar shi a zube ne don a gani. Wannan ya fasa, ya tsaya ya kwashe, ya tafi da shi.

Daga nan ya nufi soron mai unguwa. Sabo yana zaune a ƙasa, mutum ne ɗan shekara talatin da biyar, leɓensa ya fashe, hannun damansa ya kumbura yana riƙe da shi a ƙirji. Yatsu biyu sun karye. Bai gaishe da Isyaku ba. Da aka tambaye shi inda yake lokacin Juma'a, sai ya ce yana masallaci a sahun waje, cikin marina 'yan uwansa, in ana so a je a tambaye su, ko da yake ya san ba wanda ya damu ya tambaya. Isyaku ya ce to me yake nufin faɗa ranar Litinin?

"Kawu, zan ce ban yarda da labarin ba, shi ke nan. Tun ina goye ake nuna min hannun ubana a cikin ruwa ana yabon wani. Amma wannan hannun shi kaɗai ne abin da na taɓa gani na mahaifina. Ni zan watsa masa shuɗi? Kuma in zan yi, da rijiyar baba a gabana, sai in je in sayi bula?"

Isyaku kuwa bai riga ya gaya masa cewa bula ce ba. Ya tambaye shi yadda ya sani. Sabo ya yi wata dariya marar daɗi ya ce sun ja shi ta gaban bangon suna dukansa, kallo ɗaya ya yi mata. Ya faɗa musu, ba wanda ya saurara.

* * *

Kafin magariba Isyaku ya bi wasu hanyoyi biyu, duk ba su kai shi ko'ina ba.

Akwai samarin da suka yi ta manna takardun jam'iyya lokacin zaɓe, waɗanda tsofaffin soja suka taɓa kora da suka zo liƙa hoto a bangon. Ya same su a shagon mai gyaran rediyo. Suka ce zaɓe ya wuce, nasu ya ci, me za su yi da bangon ƙasa? Kuma dukansu a mota ɗaya suka je masallaci suka dawo, direban ya shaida.

Akwai kuma Malam Sani, matashin malamin da ya daɗe yana wa'azi cewa zanen mai rai bai halatta ba. Malam Sani bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce yana nan a kan maganarsa, ya kamata a shafe bangon gaba ɗaya da farar ƙasa, da rana tsaka, da yardar jama'a. Amma ya tambayi Isyaku, in shi ne, don me zai bar fuskoki bakwai suna kallon mutane ya je ya cire hannu ɗaya? Isyaku ya ga maganar ta zauna. Ya yi masa sallama ya tafi gida da wannan tambayar: me ya sa hannu?

* * *

Da hantsin Asabar ya je gidan 'Yardada, mahaifiyar Sabo. Ta fito soro da mayafi, idonta ya yi ja, ba na kuka ba. Ta ce ta je gidan mai unguwa sau uku an hana ta ganin ɗanta, matan da suka ci tuwon sunan jikokinta jiya suna leƙo ta ta kan katanga kamar ta haifi ɓarawo. Isyaku ya bar ta ta zubar da abin da ke ranta, sa'annan ya tambaye ta ko ta tuna lokacin da aka yi zanen.

Ta tuna. Tana da shekara ashirin, Sabo yana tafiya da ƙyar. Umar Mai-zane ya yi wata biyu a kan tsani, ba ya yarda kowa ya yi masa magana. Bai iya rubutu ba, in ji ta, don haka abin da ya gani ya zuba a bango, kuma bai ɗiga ko ɗigo ɗaya a banza ba. Kowane mutum ya sa masa alamarsa don danginsa su gane shi: wannan da tsagen fuska, wancan da laya a dantse, wani da kunne guda. Ranar da ya gama ya aiko aka kira ta, ya tsayar da ita a gaban bango ya ce ta dubi hannun Sajan da kyau, ba zai ƙara cewa komai ba.

"Me kika gani, Yaya?"

"Wuƙa. Farar wuƙa a hannunsa, da igiya ta taso daga hannun Mikail ta tsaya a tsakiya, bakinta a yanke."

Ta ce ba a yi mako ba aka wayi gari an shafe wuƙar da jar ƙasa, igiyar an mai da ita igiyar ruwa. Umar ya yi faɗa, aka ce yaƙi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, bai fi shekara biyu ba ya rasu. Ita kuwa ta faɗa wa surukinta, ya ce ta rufe bakinta, Sajan yana da lambar Turawa a ƙirji kuma shi yake karɓo wa tsofaffin soja haƙƙinsu. Turawa suka tafi, Sajan yana nan. Soja suka zo, ya ƙara girma. Sauran waɗanda suka dawo tare da shi duk sun rasu ɗaya bayan ɗaya. Ko Sabo ba ta taɓa gaya masa ba, don ta san zuciyarsa. A daminar nan ne kwanon rumfar ya fara yoyo daidai wurin, jar ƙasar ta fara zuba, Sabo ya zo ya ce mata yana ganin wani fari-fari yana leƙowa a hannun Sajan. Kuma mai unguwa ya riga ya sa a yi shela cewa ranar Lahadi za a wanke bangon don biki.

Isyaku ya tashi ya yi mata sallama. Shi ma tun yana sabon ɗan doka yake sara wa Sajan Audu in ya wuce. Ransa ya ɓaci, amma ya san maganar tsohuwa ba za ta buɗe ƙofar ɗakin da aka kulle Sabo ba. Sai da shaida.

* * *

Ya koma bangon. Rabin da'irar nan ya gane ta tun jiya: bakin turmi ne aka kifa aka hau. Turmi ba a ɗauka a ka, mirgina shi ake yi, kuma turmin da ake mirginawa ba ya tafiya a miƙe, yana karkata ne wajen gindinsa, mai turawa sai ya dinga gyara shi. A fili an tattake komai. Amma a lungun da ke bayan zauren, inda ruwan indararo ya jiƙa ƙasa kuma ba mai bi sai awaki, ya sami alamar: layi ya tafi ya lanƙwasa, an gyara, ya sake lanƙwasa. Ya bi ta a hankali, tana ɓacewa yana samu, har ta kai shi gindin wata bishiyar darbejiya inda Jummai mai dakau take ajiye turamenta uku.

Jummai tana nan tana surfe, kuma tana cike da nata fushin. Ta ce jiya ta shiga gida ta yi sallar azahar ta ɗan kishingiɗa, ta fito ta tarar an mai da babban turminta ba inda ta bar shi ba, bakinsa duk taɓo. Ta wanke shi tana tsine wa 'ya'yan unguwa. Isyaku ya fito da karansa ya auna bakin, ya yi daidai. Ga kuma inda turmin ya taɓa tsagewa aka ɗaure shi da guntun ƙarfe da ƙusa biyu. Ya roƙe ta ta juye hatsin, ya kifa shi.

Gindin turmin ba ta wanke shi ba, don ba wanda yake duba gindin turmi. Bula ta fantsama a kai ta bushe, sai wuri ɗaya da bai samu ba, inda ƙafar mutum ta rufe. Sawun ƙafar hagu ne, ba takalmi, ya fito fes kamar an zana. Babban yatsa da biyu na kusa da shi. Sauran biyun babu.

Isyaku ya daɗe yana kallonsa. Ya san masu ɗingishi na unguwar nan, ya san kutare, ya san wanda jirgi ya taka, bai san mai yatsu uku ba. Sai maganar 'Yardada ta faɗo masa, cewa Umar ya sa wa kowa alamarsa. Ya ce wa Jummai kada ta bar ko ƙuda ya sauka a turmin, ya koma bangon kusan da gudu, ya tsuguna a ƙarƙashin ramin yana duba ƙafafun sojojin, waɗanda Umar ya zana ba takalmi saboda ƙetare ruwa. Na farko yatsu biyar, na biyu biyar. Ya zo kan Sajan. Dama biyar, hagu uku.

Ya tuna bai taɓa ganin Sajan Audu ba safa ba, ko a masallaci, ko a tsakiyar bazara.

* * *

Da la'asar aka taru a soron mai unguwa. Sajan Audu yana kan buzu kusa da mai unguwa, dattijo mai faɗin kafaɗa, da farar riga da lambobinsa biyu. Malam Sani yana gefe, samarin jam'iyya a bakin ƙofa, 'Yardada da Jummai daga can ciki kusa da ƙofar gida. Aka fito da Sabo. A waje kuma taro ya cika lungu, ana jiran a ga an miƙa shi.

Sajan ne ya fara magana. Ya ce an ɓata lokaci, ba shi aka ci wa mutunci ba, waɗanda suka ba da baya a bangon nan aka ci wa, kuma ƙasar da za ta bar irin wannan ya wuce ba ta isa mulkin kanta ba. Wasu a waje suka amsa.

Isyaku ya sa aka mirgino turmin, ya bar shi a kwance bakinsa na kallon mutane. Ya bi abin daki-daki ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce shuɗin bula ce ba baba ba. Ya ce marina shida sun shaida Sabo yana sahunsu. Ya cire samarin daga zargi, ya cire Malam Sani. Ya ce wanda ya yi ɓarnar ba fushi ya kawo shi ba, tsoro ne, shi ya sa ya kwashe ɓaraguzan, don akwai abin da ke jikinsu da ba ya so a gani in an wanke bango gobe. Sa'annan ya tambayi Sajan a wane sahu ya yi Juma'a. Sajan ya ce inda ya saba. Mai unguwa, wanda kullum kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa, ya sunkuyar da kai, don jiya bai gan shi ba.

Isyaku ya kifa turmin, sawun ya fito kowa ya gani.

"Alhaji, ka cire safar ƙafarka ta hagu."

Sajan ya ce shi Isyaku wane ne, korarren ɗan doka, da zai sa shi tuɓe wani abu a gaban mata? Isyaku ya ce ba sai ya tuɓe ba, kowa zai iya zuwa bango ya ƙirga, Umar ya riga ya tuɓe masa tun shekara talatin da uku. Mai unguwa ya ce a hankali, "Sajan, cire."

Bai cire ba. Ya dai janye ƙafar ya sa ta ƙarƙashin riga, kuma wannan ya isa. Da ya yi magana muryarsa ta canja, ta koma ta mai ba da umarni. Ya ce su da ba su taɓa jin ƙarar harsashi ba ba su da bakin yi masa shari'a. Mutum takwas ne ɗaure da igiya ɗaya a tsakiyar kogi, Mikail yana ƙarshe da kaya a ka, ruwa ya kwashe shi, yana jan sauran. Da bai yanke ba, da babu fuska ko ɗaya a bangon nan, da rabin waɗanda ke tsaye a waje ba a haife su ba. Ya ce ma Mikail da bakinsa ya yi masa ihu ya ce ya yanke.

'Yardada ta taso daga inda take. Jummai ta riƙo mayafinta, ta fizge.

"In haka ya ce, me ya hana ka zo ka gaya min, Audu? Ina zaune da goyo, ka wuce ta ƙofata sau dubu nawa? Da na san mijina ya ba da ransa ne don mutum bakwai, da ɗansa ya tashi da wannan. Sai ka ɗauke ka rataya a ƙirjinka. Igiyar kam Allah ne zai yi muku hisabi, ba na nan. Amma jiya ina nan. Kana tsaye ana karya hannun ɗansa."

Sabo kuwa bai motsa daga inda yake ba, yana kallon uwarsa kamar yau ya fara ganinta, hawaye yana bin kumburarren leɓensa.

Mai unguwa ya gyara murya ya ce abin da ya faru ya faru, saura kwana biyu biki, baƙi za su zo, ya kamata maganar ta tsaya a cikin soron nan. A ce wa jama'a bincike bai gano kowa ba, a saki Sabo a hankali bayan kowa ya watse, Sajan kuma ya ɗauki nauyin ɗori.

A nan ne Isyaku ya kasa riƙe kansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a tsakiyar titi aka dake shi. A tsakiyar titi za a wanke shi."

Bai jira izini ba. Ya kama Sabo ta hannun hagu ya ɗaga shi, ya sa biyu daga cikin samarin jam'iyya suka ɗauki turmin, suka fita. Ya tsaya a kan dakali ya faɗi abin da ya gani tun daga bula har yatsu uku, bai ƙara ba bai rage ba, har da abin da Sajan ya ce game da kogin, don bai ga dama ya yi wa mutum irin abin da ya yi wa wani ba. Da taron ya fara guna-guni wasu suka nufo ƙofar soron, sai ya gicciya sandarsa a bakin ƙofa ya ce jiya sun daki marar laifi ba su tambaya ba, yau duk wanda ya ji hannunsa yana ƙaiƙayi ya fara zuwa ya dubi hannun Sabo. Ya kira sunayen mutum biyar da ya san da su aka yi dukan, ɗaya bayan ɗaya, har da sunayen iyayensu. Taron ya fara raguwa daga baya.

* * *

Ranar Litinin aka yi biki a Koki, aka ji jawabin miƙa mulki a rediyon da aka ɗora a kan kujera gaban bangon, da ramin a buɗe. Sajan bai fito ba. Sabo ya ƙi kai ƙara, ya kuma ƙi karɓar komai daga gidan Sajan. Mutum uku cikin biyar ɗin nan suka je ba shi haƙuri, ya bar su a tsaye a soro har suka gaji.

Sai bayan wata biyu, da aka kwance masa ɗori, ya zo da ƙasa da makubar yaɓe da tulun baba daga rijiyarsa. Yatsun ba su koma daidai ba, kuma shi ba mai zane ba ne. Ya cike ramin, ya jira ya bushe, ya zana hannu da wuƙa da yankakkiyar igiya, uwarsa tana tsaye a ƙasa tana gaya masa inda kowanne yake. Wani ya ba shi shawara ya buɗe wa mahaifinsa baki a cikin ruwan, alamar yana cewa a yanke. Sabo ya ce abin da Umar ya gani kaɗai zai mayar, sauran bai sani ba, kuma wanda ya sani ya riga ya ɓata maganarsa.

Sajan Audu ya ƙara shekara huɗu a duniya. Zauren tsofaffin soja yana kan hanyarsa ta zuwa masallacin unguwa, taku hamsin daga ƙofarsa. Duk lokacin da Isyaku ya bi ta Koki bayan an yi ruwa yakan duba ƙasa, don sabo. Sawun Sajan yana fitowa daga gida ne ya juya hagu, ya zaga ta bayan kududdufi, ya ɓullo masallaci ta can gefen.